Wa Ya Fi Cin Kuɗi a Cikin Akwatin? Tarihin Haɗa Kwamfutar Gem

Ranar 12 ga Agustan 1981 kamfanin IBM ya tara 'yan jarida a birnin New York, ya nuna musu sabuwar kwamfutarsa ta kan tebur. Farashinta ya fara daga dala 1,565, kuma a wannan kuɗin babu allon kallo, babu na'urar karanta faifai. Ofisoshi ne suka fi rububinta. Yaron da ke son buga gem a wancan zamani Atari yake roƙon a saya masa, ko Apple II in gidansu da hali. Amma daga wannan akwatin na 'yan ofis al'adar da ɗimbin matasa ke yi yau ta samo tushe: mutum ya sayo firosesa daga wannan kamfani, katin hoto daga wancan, uwar allo daga na uku, ya baje su a tebur, ya ɗauki sukundireba ya haɗa abinsa.

Gaggawa ce ta jawo. IBM ya saba ƙera komai a gida, kuma sabon inji kan ci masa shekaru. Da ya ga Apple da Commodore da Tandy suna cin kasuwar ƙananan kwamfutoci babu mai ce musu kanzil, sai ya ware wasu injiniyoyi a garin Boca Raton na jihar Fulorida, ƙarƙashin Don Estridge, ya ba su kimanin shekara ɗaya. Wanda aka yanka wa shekara ɗaya ba ya tsayawa ƙirƙira, kasuwa yake shiga. Firosesar, mai lamba 8088, ta Intel ce. Manhajar da ke tafiyar da injin, DOS, daga Microsoft ta zo. A jikin uwar allon suka bar gurabe biyar da za a iya soka ƙarin kati, sannan suka buga littafi ɗauke da zanen yadda wuta ke bi a cikin injin, don wasu kamfanoni su riƙa yi masa kati da manhaja.

Abu ɗaya IBM ya riƙe a matsayin nasa, wato BIOS, 'yar manhajar da ke tashin injin in an kunna shi. Ya ɗauka wannan makulli ya isa. Bai isa ba. Kamfanin Compaq ya zaunar da injiniyoyi suka rubuta nasu daga tushe ba tare da kwafar na IBM ba, ya fara sayar da kwamfutarsa a 1983. A 1984 kamfanin Phoenix ya yi irin wannan aiki, shi kuma ya kai nasa kasuwa, duk mai kuɗi ya saya. A 1987 IBM ya yi yunƙurin maida ƙofar ya rufe, ya fito da samfurin PS/2 mai wasu irin gurabe da sai an biya shi kafin a yi musu kati. Ihu ne bayan hari. Sauran kamfanoni suka juya masa baya suka ci gaba da tsohon tsari, kuma a 2005 IBM ya sayar da sashen ƙananan kwamfutocinsa ga Lenovo na ƙasar Sin.

'Yan Taiwan na cikin waɗanda suka fi cin moriyar abin. An kafa MSI da Gigabyte a 1986, ASUS kuma a 1989 a hannun wasu injiniyoyi huɗu da suka baro Acer. Duk wanda ya shiga shagon kayan kwamfuta yau, waɗannan sunaye zai tarar a jikin kwalaye. A 1995 Intel ya fitar da ma'aunin ATX, wanda ya tsayar da girman uwar allo, da inda ramukan kusa za su zauna, da irin igiyar wutar da za ta shiga. Ma'aunin nan yana aiki har gobe, shi ya sa allon wani kamfani ke zama daram a akwatin wani.

Tun da kayan suka rarrabu, tambaya ɗaya ce ke gaban duk mai haɗawa: kuɗin ba za su isa a sayi mafi kyau a komai ba, to a wane ɓangare za a zuba mafi yawa? Amsar ta sauya sau da yawa cikin shekara arba'in, kuma kusan ko yaushe wani gem ne ke sauya ta, ba tallar kamfani ba.

Da farko kunne ne ya fara ƙorafi. Kwamfutar IBM ba ta da sauti sai wani ɗan tsuwwa mai sa ciwon kai. Kamfanin AdLib na Kanada ya fito da katin kiɗa a 1987, sai Creative na Singafo, kamfanin Sim Wong Hoo, ya biyo da Sound Blaster a 1989, wanda ya ƙara da muryar mutum da ƙarar bindiga da wurin jona sandar wasa. Kafin shekara uku ta cika AdLib ya durƙushe. Sai dai sayen katin ba shi ne ƙarshen wahala ba. A jikinsa akwai wasu 'yan mitsi-mitsin maƙalai na roba da ake cirewa da farce a sauya musu wuri, don kada katin sauti ya yi karo da firinta ko linzami a kan layi ɗaya. In an yi kuskure, inji ya sandare. Ga kuma DOS da ke da iyakar kilobait 640 da gem zai iya shiga kai tsaye, har ta kai mutane na ajiye faifan tashin inji daban don kowane gem mai nauyi. Wanda ya haɗa kwamfuta a farkon shekarun 1990 ya sha gumi da gaske.

Daga nan sarauta ta koma hannun firosesa. A watan Disamban 1993 wani ƙaramin kamfani a jihar Tekzas, id Software, ya saki Doom, mutane da dama suka gano cewa firosesarsu ta 386 ta tsufa, sai 486. A watan Yunin 1996 kamfanin ya sake fito da Quake. John Carmack da Michael Abrash sun rubuta shi ne daidai da yadda Pentium ta Intel ke sarrafa lissafin lambobi masu ɗigo, kuma a nan ne kamfanin Cyrix ya gamu da gamonsa. Firosesarsa, 6x86, ta fi araha, kuma a aikin ofis tana kafaɗa da kafaɗa da Pentium. A Quake kuwa sai ta riƙa ɗingishi. Labari ya bazu a tsakanin 'yan gem, sunanta ya ɓaci. Shekara ɗaya bayan haka aka saye Cyrix, daga baya sunan ya ɓace daga kasuwa. Ba Quake kaɗai ya kashe shi ba, amma tun daga lokacin masu ƙera firosesa suka san cewa yaran nan masu harbin dodanni a allo su ne maƙwabta ke tambaya kafin su sayi kwamfuta.

Juyin da ya fi kowanne girma shi ma a 1996 ya zo. Wasu mutum uku da suka taɓa aiki a Silicon Graphics, kamfanin da ke ƙera injunan zane masu tsadar gaske, wato Ross Smith da Gary Tarolli da Scott Sellers, sun kafa 3dfx a Kalifoniya a 1994. Injunan gidajen wasa suka fara nufa. Sai farashin RAM ya faɗi warwas, lissafi ya nuna za a iya sayar wa mutumin gida kati mai megabait 4 a kan kusan dala 300. Suka sa masa suna Voodoo.

Kati ne mai ban dariya in an dube shi da idon yau. Hoto mai zurfi kaɗai ya iya, irin wanda mutum ke ji kamar yana tafiya a cikinsa. Ba ya iya nuna rubutu ko fuskar Windows. Dole mai shi ya bar tsohon katinsa a ciki, ya jawo wata gajeriyar igiya daga tsohon zuwa sabon ta bayan akwati, sannan ya jona allon kallo a jikin Voodoo. A samfurin da kamfanin Orchid ya yi, har wani ƙas ake ji idan gem ya tashi, alamar Voodoo ya karɓi aiki. Ba shi da fanka, ba shi da ƙarfen shan zafi. Amma da id Software ya saki GLQuake a watan Janairun 1997, wanda ya ga bango da ruwa da hasken wuta a inji mai Voodoo ba ya ƙara yarda da wanda ba shi da shi. A 1998 Voodoo2 ya fito da wata dabara: a sa kati biyu, ɗaya ya zana wannan layi na hoton, ɗaya ya zana na gaba. Mai hali sai ya cika gurabe uku da katin hoto kaɗai.

3dfx bai daɗe a kan karaga ba, kuma da hannunsa ya sauke kansa. Da can guntun lantarkin kawai yake ƙerawa, ya sayar wa irin su Diamond da Creative su haɗa kati su sa sunansu. A ƙarshen 1998 ya yanke shawarar sayen kamfanin STB mai masana'anta a Meziko, don ya riƙa yin katin da kansa ya cinye ribar duka. Abokan cinikinsa na jiya suka wayi gari ya zama kishiyarsu, sai suka kwashi kuɗinsu suka nufi Nvidia. Shi Nvidia, wanda Jensen Huang da Chris Malachowsky da Curtis Priem suka kafa a 1993 bayan zaman shawara a wani gidan cin abinci na Denny's a San Jose, da ƙyar ya sha a farkonsa: katinsa na farko, NV1, bai karɓu ba, RIVA 128 na 1997 ne ya cece shi. A 1999 ya fito da GeForce 256, ya ɗauke wa firosesa lissafin siffofi da haske. A watan Disamban 2000 ya saye abin da ya rage na 3dfx. Abokin karawar da ya saura shi ne ATI na Kanada, wanda AMD ya saye a 2006 a kan dala biliyan 5.4.

Ana cikin wannan kokawar ta manya, talakawan masu haɗawa suna can suna nasu wayon. A watan Agustan 1998 Intel ya fitar da Pentium II mai gudun megahaz 450 a kan sama da dala 600, da kuma Celeron 300A ta masu ƙaramin ƙarfi a kan ƙasa da dala 200. Gudun firosesa ana samunsa ne in an ninka gudun uwar allo da wata lamba. Ita Celeron lambarta 4.5 ce, an ɗora ta a kan 66, ya ba da 300. Sai wasu suka gwada ɗaga gudun allon zuwa 100. Lissafi ya ba da 450, kuma mafi yawan firosesocin suka ɗauka lafiya lau. Kamfanin Abit na Taiwan yana da allo mai suna BH6 da ake yin wannan canji daga cikin BIOS, ba sai an taɓa maƙalai ba. A gem da yawa, bambancin ta dala 200 da ta dala 600 sai an sa ma'auni ake ganinsa. Shekara biyu bayan haka masu Athlon da Duron na AMD suka gano cewa makullin da kamfani ya sa wa lambar ninkin wasu 'yan layuka ne da aka yanke a saman firosesar, kuma bakin fensir na ɗaukar wuta. Da fensirin makaranta ake goga wurin, makulli ya buɗe.

Kamfanoni sun fi kowa wayo. Maimakon su ci gaba da faɗa da masu ƙure gudu, sai suka mai da abin haja. Intel ya fara sayar da firosesa mai harafin K a ƙarshen lambarta, wadda aka bari a buɗe, a kan ƙarin kuɗi. Core i5-2500K ta 2011 ta yi farin jini sosai, wasu sun shekara bakwai ko takwas a kanta. Yau firosesa da kanta take ɗaga gudunta har iyakar abin da zafi ya bari, ɗan abin da ya rage wa mai ƙurewa bai taka kara ya karya ba. Wannan ɓangare na sana'ar, a gaskiya, ya mutu, ko da yake ana ci gaba da sayar da kayansa.

Kwalliya kuwa daga taro ta fito. A QuakeCon, wanda aka fara a Tekzas a 1996, da DreamHack na ƙasar Suwidin, kowa kan ɗauko akwatinsa da allonsa ya kai babban zaure a jona su a yi ta fafatawa dare da rana. Inda mutum dubu suka jera akwatuna iri ɗaya, dole wani ya so nasa ya fita daban. Aka fara yanka gefen akwati ana sa gilas, ana saka fitilu masu launi, ana jawo ruwa ta bututu don sanyaya firosesa. Abin da aka fara da zarto a gareji, yanzu haka ake sayo shi daga masana'anta.

Akwai darasin da aka koya da asara. A farkon shekarun 2000 uwayen allo da fawa-fak masu yawa suka riƙa mutuwa tun ba su tsufa ba, saboda wasu kafasitoci da aka cika da ruwan sinadari mara kyau. Sai su kumbura, su fashe, su zubo da wani abu ruwan ƙasa. Manyan kamfanoni ma ba su tsira ba. Tun daga nan masu haɗawa suka daina ɗaukar fawa-fak a matsayin wurin rage kuɗi, domin in ya lalace yana iya tafiya da sauran kayan. Faifan ajiya shi ma ya sauya: SSD ɗin Intel mai gigabait 80 ya kusa dala 600 a 2008, yau wanda ya ninka shi fiye da sau goma bai kai rabin wannan kuɗi ba, kuma ya koma ɗan siriri da ake kwantarwa a jikin uwar allo da kusa ɗaya.

A 2007 kamfanin Crytek na Jamus ya saki Crysis, gem ɗin da ya gagari kusan duk kwamfutar da ke kasuwa in an ƙure masa kyau, har da masu GeForce 8800 GTX na dala 599. Shekaru aka yi ana gwada sabon inji da shi. Amma abin da ya fi muhimmanci a wannan katin ba gem ba ne. Da shi Nvidia ya buɗe hanyar da ake kira CUDA, wadda ke ba mai rubuta manhaja damar sa katin hoto ya yi kowane irin lissafi, ba zane kaɗai ba. Katin hoto ma'aikata ne ƙanana masu ɗimbin yawa da ke yin lissafi mai sauƙi a lokaci ɗaya, kuma ashe ba 'yan gem kaɗai ke buƙatar haka ba.

A 2012 wani ɗalibi a Jami'ar Toronto, Alex Krizhevsky, tare da Ilya Sutskever da malaminsu Geoffrey Hinton, suka horar da manhajar gane hotuna a kan katin GTX 580 guda biyu, irin wanda ake saya a shago don harbin dodanni. Suka lashe gasar ImageNet da tazara mai nisa. Ƙirƙirarriyar basirar da ake ta magana a kai yau ta nan ta ɗauki hanya. Kafin ita ta iso kasuwa da ƙarfinta, masu haƙar kuɗin kirifto sun riga ta. Ethereum, ɗaya daga cikin irin waɗannan kuɗi, da katin hoto ake haƙarsa a lokacin, sai masu haƙa suka riƙa kwashe kati kwali-kwali a 2017, suka sake dawowa a 2020 da 2021, lokacin da kullen korona ya ƙara yawan masu nema, masana'antu kuma suka kasa wadatarwa. RTX 3080 da aka sa wa dala 699 a watan Satumban 2020 ya yi tashin gwauron zabi, ana sayar da shi ninki biyu ko fiye. Sai ranar 15 ga Satumban 2022, da Ethereum ya daina amfani da haƙa, kasuwar ta lafa. 'Yan gem ba su gama murna ba ChatGPT, manhajar ƙirƙirarriyar basira, ya fito a watan Nuwamba, manyan kamfanoni suka shiga rububin kayan Nvidia.

Alƙaluman Nvidia sun faɗi sauran labarin. A shekarar kuɗinsa da ta ƙare a Janairun 2022, 'yan gem ne suka fi kowa kawo masa kuɗi. A wadda ta ƙare a Janairun 2025 ya samu dala biliyan 130.5, daga ciki biliyan 115.2 daga manyan cibiyoyin sarrafa bayanai suka fito, na gem biliyan 11.4 ne kawai, bai kai kashi 9 cikin 100 ba. Masana'antar TSMC ta Taiwan ce ke ƙera guntayen duka biyun, kuma kowa ya san wanda za a fara sallama. Farashin babban kati ya bi sahu: GTX 1080 Ti dala 699 a 2017, RTX 4090 dala 1,599 a 2022, RTX 5090 dala 1,999 a Janairun 2025. Firosesar da aka fi yabo wajen gem a daidai wannan lokaci, Ryzen 7 9800X3D ta AMD, dala 479 ce. A 1998 babbar firosesa ta ninka Voodoo2 sau biyu a kuɗi. A farkon 2025 babban kati ya ninka firosesa sau huɗu.

Shi ya sa tsarin zaɓe ya juye. Gwanayen haɗawa a yau daga allon kallo suke farawa, domin allon 4K ɗigon hoto sama da miliyan 8 gare shi, ninki huɗu na allon 1080, kuma kowane ɗigo sai kati ya zana shi sau 60 ko fiye a daƙiƙa ɗaya. Allo ke faɗin katin da za a saya. Sai a nemi firosesar da ba za ta riƙe katin ba, don haɗa babban kati da raunanniyar firosesa kamar ɗaura wa ingarman doki amalanken jaki ne. Firosesa ke zaɓen uwar allo, tunda gurbin AMD ba ya karɓar ta Intel, uwar allo kuma ke zaɓen irin RAM. Akwati, wanda da can ba a ko tunaninsa, yanzu sai an auna shi da tef, saboda manyan katuna sun wuce santimita 30 a tsawo. Aikin hannun ya yi sauƙi ƙwarai, babu maƙalai, babu faifan tashi, yawancin igiyoyi ba sa shiga inda ba nasu ba. Aljihu ne ya karɓi wahalar.

Sai wuta. RTX 4090 na jan wat 450, kuma tun makonnin farko aka fara samun masu kukan cewa bakin igiyar wutarsa ya narke, musamman inda ba a danna ta ta shige sosai ba, har aka sake fasalin bakin. RTX 5090 wat 575 yake ja, Nvidia da kansa ya ce a nema masa fawa-fak mai wat 1,000. Duk wutar da ya sha kuwa zafi take komawa a cikin ɗaki. Ga mai shirin haɗa irin wannan inji a Kano ko Sakkwato ko Yamai, inda zafin Afrilu ke haura digiri 40, ƙurar hunturu ke toshe fanka, wutar gari kuma ke zuwa ta tafi ba sallama, ƙaramin janaretan shago ba zai ɗauke shi ba. Ya fara sa kuɗin inbata da batura da na sanyaya ɗaki a lissafi, abin da ya rage shi ne kuɗin kati.